Mutum-mutumin Masana'anta: Idan Ya Tsaya, Wa Zai Gyara Shi a Kaduna?

Duk sanda bidiyon wata masana'antar motoci ta Jamus ko ta Chaina ya zagayo wayoyinmu, irin wanda ake ganin hannayen ƙarfe suna walda, tartsatsi na tashi, babu ɗan Adam ko ɗaya a kusa, mutanenmu kan rabu gida biyu. Wasu su ce talaka ya shiga uku, ɗan aikin da ya rage ma za a miƙa wa mutum-mutumi. Wasu kuma su ce ai irin abin da ya kamata gwamnati ta sayo mana ke nan, mu ma mu shiga sahun manya. Ni kam ban ga abin kamawa a maganganun biyu ba, kuma hujjata ba ta da nisa, tana nan Kakuri, unguwar masana'antu ta Kaduna.

A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles Limited (KTL), haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa ta su Sardauna da kamfanin David Whitehead na Ingila. Cikin shekarun 1960 masaƙun Nortex da UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya, har Kaduna ta zama cibiyar saƙa ta ƙasar nan. Hedikwatar ƙungiyar ma'aikatan masaƙu a nan take, kuma a Arewa Textiles ne Adams Oshiomhole ya fara gwagwarmayar ƙwadago. Audugar Funtuwa da Gusau da ƙasar Zazzau nan take sauka. Wanda ya san Kakuri da Makera da Nasarawa a wancan zamani ya san yadda titi ke cika maƙil da kekuna idan an tashi daga aiki, da yadda masu abinci da masu gidajen haya da teloli duk suke ci daga albashin masaƙa. KTL ta rufe a 2002. UNTL ta bi ta a 2007, kuma ko da aka sake buɗe wani sashe nata daga baya, ba ta koma yadda take ba. Dubban magidanta suka wayi gari ba aiki.

To, mutum-mutumi nawa aka girke a Kakuri kafin a sallame su? Ko ɗaya. Wutar NEPA ce ta gaza, baƙin man da ake kunna tukwanen tururi da shi ya yi wuya, naira ta karye bayan tsarin SAP na 1986 har rini da kayan gyara suka fi ƙarfin kamfanoni, injina suka tsufa ba a sabunta su ba, atamfar fasa-ƙwauri kuma ta cika Kantin Kwari. Idan har akwai sabuwar na'ura a wannan labari, to a ƙasar wasu take zaune. Masaƙun Asiya sun yi ta sauya injina suna rage kuɗin kowane yadi, mu muna nan da na jiya. Wannan ne ya sa nake ganin masu fargaba sun sa ido a ƙofar da ba ta nan ɓarawon zai shigo ba. Na'urar da ke cinye aikin ɗan Kaduna ba sai ta taka ƙasar Kaduna ba. Tana can Guwanzu ta Chaina tana aiki dare da rana, abin da ta ƙera kuma ya iso mana cikin kwantena.

Alƙaluman ƙungiyar IFR, wadda ke ƙidayar irin waɗannan na'urori a duniya, sun nuna cewa a 2023 an girke sababbi sama da 540,000, kuma fiye da rabinsu a Chaina kaɗai. Idan aka auna da yawan ma'aikata, a shekarar Koriya ta Kudu ce kan gaba da 1,012 ga kowane ma'aikatan masana'anta 10,000. Singafo na da 770, Chaina 470, Jamus 429, Japan 419, Amurka 295, matsakaicin duniya kuma 162. Mafi yawansu a masana'antun kayan lantarki da na motoci suke, sai na sarrafa ƙarfe. Abin ma ba sabo ba ne kamar yadda bidiyon waya ke sa mu zata: tun 1961 kamfanin General Motors ya sa na farko aiki a Amurka, wani hannun ƙarfe mai suna Unimate da ke ɗauko narkakken ƙarfen da aka zuba a ma'auni, aikin da ke ƙona ma'aikata.

Yanzu a ɗauki wannan jeri a ajiye gefen wani jerin. A 2009 wasu masana biyu, Ricardo Hausmann na Jami'ar Harvard da César Hidalgo, suka fito da wata hanyar auna ƙarfin ƙasa wadda ba ta tsaya kan yawan kuɗin da ke shigo mata ba. Ana kiran ta ma'aunin sarƙaƙiyar tattalin arziki. Tambaya biyu suke yi: kaya iri nawa ƙasa ke iya yi ta sayar wa duniya, kuma ƙasashe nawa ne ke iya yin irinsu? Ɗanyen mai da riɗi da koko, ƙasashe da dama na fitar da su. Injin da ke zana mafi ƙanƙantar ƙwaƙwalwar kwamfuta kuwa kamfani ɗaya ne a duniya ke ƙera shi, ASML na ƙasar Holan. Abin da ma'aunin ke ƙoƙarin kamawa shi ne yawan sanin-yadda-ake-yi da ke warwatse a hannun mutanen ƙasa, da yadda suke iya haɗa shi wuri guda. Kamar uwargida ce da kayan miya. Wadda ke da kuka da gishiri kawai, miya ɗaya za ta yi kullum, komai iya girkinta. Wadda ke da daddawa da kuɓewa da manja da kifi da tattasai da kayan ƙamshi, duk abu ɗaya da aka ƙara mata zai buɗe mata miya uku ko huɗu da da ba ta iya yi.

Japan ta daɗe a saman wannan jeri, su Suwizalan da Koriya ta Kudu da Jamus da Singafo na kusa da ita. Nijeriya kuwa can ƙasa take, cikin na ƙarshe-ƙarshe, domin mafi yawan kuɗin da muke samu daga waje na ɗanyen mai da iskar gas ne. Duk wanda ya dubi jerin biyu zai ga kusan sunaye ɗaya ne a sama. Daga nan ne masu cewa a sayo mana ke samun ƙwarin gwiwa: tunda masu mutum-mutumi su ne masu arziki mai rassa, mu saya mu ma mu yi rassa.

A nan nake ganin an juya lissafin. Gaskiya ne idan ƙasa ta riga ta kafu, na'urar na ƙara mata kaifi. Tana maimaita aiki ɗaya sau dubu ba kuskuren ko rabin milimita, wannan kuma na ba masana'anta damar shiga kayan da hannu ba zai iya ba. Amma sai an kafu tukuna. Hannun ƙarfen shi kansa wani ɓangare ne kawai na kuɗin da za a kashe. Sai an sami wanda zai tsara masa aiki a kwamfuta, da wanda zai ƙera maƙalan da za su riƙe kayan a daidai wuri ɗaya kowane lokaci, da kamfanin da zai kawo farantin ƙarfe mai kauri ɗaya yau da gobe, da wutar da ba ta rawa, da kasuwar da za ta shanye kaya masu yawan da za su mayar da kuɗin. In ɗaya ya ɓace, abin ya zama kayan kallo da ake nuna wa baƙi ranar buɗe taro.

Shekarar 1975 ta ishe mu darasi. A shekarar ce kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kakuri, kuma a ƙarshen shekarar ce Hyundai ta fara fitar da motarta ta farko ta ƙashin kanta, Pony, a Koriya ta Kudu. Koriyawa ma ba su iya komai da kansu ba a lokacin. Injin motar na Mitsubishi ne na Japan, zanen jikinta wani Ba'italiye ya yi, wanda ya jagoranci kafa masana'antar kuma Bature ne da suka ɗauko daga Ingila. Bambancin shi ne sun sa wa kansu dole su koyi kowane sashe su mayar da shi gida, kuma masana'antar ƙarfensu ta POSCO ta riga ta fara aiki tun 1973. Mu kuwa sassan motar Peugeot 504 daga Faransa suke zuwa a akwatuna, mu ɗaure, masana'antar ƙarfe ta Ajakuta da aka fara ginawa a ƙarshen shekarun 1970 kuma har yau ba ta zama abin da aka yi alkawari ba. Da dala ta yi tsada, akwatunan suka ragu, aikin ya ragu da su. Hyundai a yau tana ƙera nata mutum-mutumin masana'anta, a 2021 ma ta sayi mafi yawan hannun jarin Boston Dynamics, kamfanin ƙera mutum-mutumi na Amurka. Ba mutum-mutumi ne ya kai su can ba. A kan hanya suka tarar da buƙatarsa.

Akwai kuma wani dalilin da ba a cika faɗa ba. Ƙasashen nan ma'aikata ne suke ƙare musu. A 2023 matsakaicin haihuwa a Koriya ta Kudu ya sauka zuwa 0.72 ga kowace mace, Japan kuma tsofaffi sun yi mata yawa. Mu mun haura miliyan 200, kusan rabinmu ba su kai shekara ashirin ba, mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne tun 2024, dala kuma ta haura naira 1,500 a shekarar. Mai masana'antar da zai bar matasan Rigasa da Tudun Wada ya sayo hannun ƙarfe da dala don ya ɗaga masa kwali, lissafinsa ne zai hana shi tun kafin kowa ya yi masa wa'azi.

Wanda ke son ganin inda muke tsaye da gaske ya shiga Panteka, kasuwar maƙera da masu sana'ar hannu ta Kaduna. Na tsaya wajen wani maƙeri da ke haɗa injin casar masara. Ya yanka farantin ƙarfe, ya lanƙwasa, ya yi walda, yaransa biyu na goge bakin da giranda. Aikin ya yi kyau, kuma manoman Saminaka da Soba na saye suna amfana. Amma boris ɗin da ke ciki na waje ne, bel na waje ne, injin da zai juya shi ma daga Chaina ko Indiya ya zo. Na ce masa, “Malam, in wannan sandar ta karye, zan iya ciro ta wancan injin in sa?” Ya yi dariya ya ce, “A'a Yallaɓai, sai dai ka kawo min in auna in yi maka wata. Kowanne da nasa.”

Wannan “kowanne da nasa” ita ce tazarar da ke tsakaninmu da ƙasashen saman jeri. Ba basira ya rasa ba, mutumin da ke kallon hoton inji a waya ya ƙera irinsa ba a ce masa maras basira. Abin da ya rasa shi ne injin sassaƙa ƙarfe mai aiki da kwamfuta, da kayan awo masu kyau, da zane a takarda wanda wani maƙerin a Kano zai karanta ya fitar da sanda iri ɗaya sak. Sai sassa sun zama iri ɗaya ake iya raba aiki: wannan ya ƙware a sanda, wancan a haƙoran giya, wani a zubin ƙarfe, na huɗu ya haɗa. Daga nan masana'anta ke tsirowa, kuma sai a nan ne zancen mutum-mutumi ke da ma'ana, domin shi ba ya iya aiki da kayan da kowanne da nasa.

Mun ma taɓa ganin yadda na'ura mai sarrafa kanta ke kama ƙasa a garin nan, ba mu dai lura ba. Injin ƙulla ruwan leda shi ke auna ruwa, ya cika, ya liƙe, ya yanke, ba hannun kowa. Ya bazu unguwa-unguwa saboda akwai masu shan ruwan, kuma da ya yi yawa sai ga samari sun koyi cikinsa. Yau idan hita ta ƙone ko wuƙar ta dakushe, waya ɗaya za ka yi mai gyara ya zo a kan babur da kayan aikinsa cikin jaka, kayan gyaran ma akwai su a kasuwa. Ba wanda ya kira taro a otal kafin hakan ta faru. Kwatanta da wani ɗan'uwana da ya sayo injin ɗura kaya a buhu mai allon kwamfuta, irin wanda ba kowa ke da shi ba a Arewa. Wuta ta dawo da ƙarfi wata rana ta ƙona allon. Injin ya yi watanni a rufe da tamfol ana jiran wani daga Legas, shi ma na Legas ɗin yana jiran kaya daga waje, ma'aikata kuma suka koma awo da kwano.

Duk da haka ba zan ce masu fargaba ba su da gaskiya ko kaɗan ba. Binciken Daron Acemoglu da Pascual Restrepo a Amurka ya nuna cewa yankunan da aka fi girke waɗannan na'urori sun yi asarar guraben aiki, albashi ma ya ɗan sauka. Amma abin da ya fi damuna ya wuce wannan. Hanyar da Ingila da Japan da Koriya da Chaina suka bi suka hau sama ɗaya ce: a fara da saƙa da ɗinki da takalma, inda arhar ma'aikata ke jawo masu jari, a koyi tsarin masana'anta, sannan a matsa zuwa abin da ya fi wuya. Idan na'ura ta sa arhar ma'aikaci ta daina zama abin kwaɗayi, matakin farko na tsanin ya gutsure ke nan, mu kuma ba mu riga mun hau ba. Masanin tattalin arziki Dani Rodrik ya daɗe yana nuna cewa ƙasashe masu tasowa da yawa masana'antunsu na ja da baya tun ba su yi arziki ba. Kaduna ba sai an fassara mata wannan ba.

Sai dai ƙofar ba ta rufe ruf ba. Kamfanin Adidas ya gwada mayar da ɗinkin takalma gida, ya buɗe masana'antu masu sarrafa kansu a Jamus da Amurka, amma zuwa 2020 ya rufe su ya mayar da aikin Asiya. Yadi da fata abubuwa ne masu laushi, suna lanƙwashewa suna zamewa, hannun ƙarfe bai iya su sosai ba har yanzu. Bangaladash na riƙe da ma'aikata wajen miliyan huɗu a ɗinkin tufafi, kuma fiye da kashi 80 cikin ɗari na abin da take fitarwa waje daga nan yake. Lokaci dai ba ya jiranmu.

Inda nake ganin na'ura mai sarrafa kanta za ta yi mana rana tun yanzu shi ne inda mai saye a waje ke buƙatar kaya iri ɗaya mai tsabta, ido da hannu kuma ba za su iya ba shi ba. Cittar Kachiya da Jaba da Kagarko ta yi suna a duniya, amma yawanci a tsage a shanye muke loda ta, man da ake tatsa daga cikinta, wanda ya fi tsada nesa ba kusa ba, wasu ke tatsa. Injin da ke tantance ƙwaya da kyamara, yana hure tsakuwa da baƙar ƙwaya da iska, ya riga ya shiga kamfanonin shinkafa na ƙasar nan, kuma riɗi da waken suya ma na buƙatarsa. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu saboda yawan maganin ƙwari a jikinsa. Irin wannan matsala ɗakin gwaji da ma'aikacin da ya san awo ke magance ta. Waɗannan injina ba sa korar kowa, kasuwar da da ba mu da ita suke buɗewa.

Abin da ke ba ni takaici shi ne kayan haɗin da yawa suna nan garin, ba a dai haɗa su ba. Ga kwalejin fasaha ta Kadpoly, ga hukumar NBTE mai kula da ilimin fasaha ta ƙasa baki ɗaya da hedikwatarta a Kaduna, ga kamfanin ƙera makamai na DICON tun 1964 da injinan sarrafa ƙarfe, ga matatar mai tun 1980, ga Jami'ar Ahmadu Bello da cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya, ga tashar tsandauri da aka buɗe a 2018. An fara ƙoƙarin ba masu sana'ar Panteka takardar shaidar ƙwarewa, kuma abin a yaba ne, amma takarda ba ta sassaƙa ƙarfe. Da za a kafa wurin aiki na haɗaka a cikin kasuwar, da injinan sassaƙa masu kwamfuta ko da biyar ne, da wurin zubin ƙarfe, maƙeri ya biya kuɗin awa ya yi aikinsa, ɗaliban Kadpoly kuma su riƙa zana masa, da an ga canji cikin 'yan shekaru. Sannan ga tsofaffin makanikan masaƙa da na Peugeot, waɗanda suka san yadda ake tafiyar da layin aiki mai mutum ɗari, da yadda ake kula da inji kafin ya lalace. Wasu na tuƙa Keke Napep, wasu na gadi, da dama sun riga mu gidan gaskiya. Abin da ke kansu ba ya cikin kowane littafi, kuma ba mai biyan su su koyar da shi.

Haka nan duk mai jarin da ya zo neman fili da sassaucin haraji, a daina tsayawa kan tambayar mutum nawa zai ɗauka. A tambaye shi sassa nawa na kayansa za a riƙa yi a Kaduna nan da shekara biyar, da kuma 'yan gari nawa zai koya wa buɗe allon injinsa, a rubuta a yarjejeniya.

Duk wannan kuwa yana rataye ne a kan wuta. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 tana raba megawat dubu huɗu zuwa biyar, kuma a Oktoban 2024, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, yawancin Arewa ta yi kwana da kwanaki cikin duhu, masu walda da masu niƙa suka zauna hannu rabbana. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu da kansu, kuma Aba ta nuna ana iyawa, da tashar wuta ta kamfanin Geometric da aka ƙaddamar a 2024 don garin da masana'antunsa. Mu ma muna da tashar Kudenda mai megawat 215 a bakin Kakuri, wadda aka ba da kwangilarta tun 2009 ta kuma shafe sama da shekara goma ba a kammala ta ba. Rubu'in abin da aka tsara za ta bayar, in aka ja layi na musamman aka kai Kakuri da Panteka, ya isa a fara.